Na yi kururuwa ranar da jaririna ya rasu: shin ladan haƙuri ya wuce ni?

'Yar Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da iyaye da 'yan'uwa, ina neman a taimaka mini da amsa a kan wata damuwa da na kasa faɗa a gidanmu, domin duk wanda na fara yi wa maganar, kafin in kai ƙarshenta ya riga ya ce in yi haƙuri, sai in haɗiye sauran.

Allah ya ba ni ɗa namiji, shi ne na fari, kuma ya karɓi abinsa 'yan kwanaki bayan suna. Sunan mahaifin maigidana aka raɗa masa, saboda haka Abba muke ce masa. Tun kafin suna na lura idanunsa sun koma ruwan ɗorawa, amma manya suka ce ba komai, a riƙa fitar da shi hantsi, wata maƙwabciya kuma ta ce ciwon nan ne da Tonawa, wato mutanen Asante, ke kira asram, har ta kawo magani. Sai da ya daina kama nono, jikinsa ya fara sanƙarewa, sannan muka kai shi asibiti, inda likita ya ce shawara ce ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. An sa shi a ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske, amma Allah bai nufa zai tashi ba.

Lokacin da aka gaya mini ya cika, ban ce Inna lillahi ba, balle Alhamdu lillahi. Kururuwa na yi na faɗi ƙasa, waɗanda ke wurin kuma sun ce na riƙa cewa, "Me na yi? Me yaron nan ya yi?" Daga baya na ji wa'azi a rediyo, malamin ya kawo hadisin da ke cewa haƙuri yana a bugun farko, ya kuma kawo na gidan da ake gina wa bawa a Aljanna idan aka karɓi ran ɗansa ya gode wa Allah. Tun daga ranar nake ganin asara biyu na yi, ɗa ya tafi, ladan ma ya wuce ni.

Arba'in ta wuce, amma har yanzu ina kuka da dare, musamman idan nono ya cika. Uwar mijina ta ce hawayena na ƙona shi a kabari, kuma abin kunya ne a ga mace tana kuka a kan ɗan fari. Ban bar salla ba, sai dai idan na ɗaga hannu zan yi addu'a, sai in tuna irin roƙon da na yi a bakin gadonsa, hannun ya yi mini nauyi in sauke. Shin da gaske kukana na cutar da shi? Wanda ya kasa haƙuri a bugun farko yana da sauran rabo? Kuma ta yaya zan koma ga dogaro da Allah alhali zuciyata ta yi sanyi haka?

Malamin Makaranta, Asawase:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baiwar Allah, Allah ya ba ku haƙuri ke da maigidanki, ya sa yaron ya zama mai ceto a gare ku.

Maganar hawaye ita ce mafi sauƙin warwarewa: hawayenki ba sa ƙona ɗanki. Jariri alƙalami bai hau kansa ba, kuma Allah ya maimaita a cikin Alƙur'ani cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Gaskiya ne akwai hadisin da ke cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, kuma ina zaton daga nan wannan magana ta shigo zangunanmu, amma Nana A'isha da kanta ta yi gyara a kan yadda aka fahimce shi, ta kafa hujja da waccan aya, malamai da yawa kuma sun ɗauke shi a kan wanda ya yi wasiyya a yi masa kukan jahiliyya, ko ya san al'adar gidansu ce bai hana ba. Ɗanki bai yi wa kowa wasiyya ba.

A shekara ta 10 bayan hijira Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gidan wani maƙeri da ake kira Abu Saif, inda ake shayar da ɗansa Ibrahim, ya tarar yaron yana gargara, bai ko cika shekara biyu ba. Idanunsa suka fara zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce, "Har kai, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa da cewa rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba kuwa za mu faɗi komai ba sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, kuma lalle mu masu baƙin ciki ne da rabuwa da kai, ya Ibrahim. A wata rana kuma, a gidan Sa'ad bin Ubada, ya ce Allah ba ya azaba saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, sai dai saboda wannan, ya nuna harshensa. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce ta Hausawa, tana da kyanta a muhallinta, amma ba hukunci ba ce, kuma bai kamata a mayar da ita sandar dukan mai jego da ta rasa ɗa ba.

Yanzu ga tambayar da na ga ta fi ci miki rai. Hadisin bugun farko yana da labari, kuma masu wa'azi sukan yanke labarin su bar jimlar kaɗai. Annabi (SAW) ya wuce wata mata tana kuka a kan yaronta da ya rasu, ya ce mata ta ji tsoron Allah ta yi haƙuri, ita kuwa ba ta gane shi ba, ta ce ya rabu da ita, ai abin da ya same ta bai same shi ba. Da aka gaya mata wanda ta yi wa magana, sai ta tafi ƙofar gidansa ta ba da uzuri, a nan ne ya ce mata haƙuri yana a bugun farko. Ki lura cewa bai la'ance ta ba, bai kore ta ba, bai kuma ce imaninta ya tafi ba, duk da cewa shi ta mayar wa magana. Abin da malamai suka fahimta shi ne, haƙurin da ya fi cika kuma ya fi lada shi ne na wannan lokaci, domin shi ya fi wuya. Wannan bayanin daraja ne, ba rufe ƙofa ba, domin shi dai Annabin ne ya ce wanda ya ƙoƙarta yin haƙuri Allah zai ba shi haƙurin.

Kalmomin da suka kuɓuce miki a asibiti, idan kina jin tsoron sun wuce iyaka, istigfari ya ishe su, kuma Allah ya fi kowa sanin halin da hankalinki yake ciki a lokacin. Game da Baitul Hamdi, wato gidan Aljannan da kika ambata, abin da ya zo a ruwayar Tirmizi shi ne Allah yana tambayar mala'iku me bawansa ya ce, su ce ya gode maka kuma ya yi istirja'i, wato ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ni da ikon yi miki alƙawarin wannan gida, amma ba wani mahaluƙi da ke da ikon cewa an hana ki shi, saboda haka ki faɗi kalmomin yanzu, ki riƙa maimaita su. Akwai wata ruwaya a Ibn Majah da ke cewa wanda ya tuna tsohuwar musiba ya sabunta istirja'i za a rubuta masa lada irin na ranar farko, sai dai malaman hadisi sun raunana ta, don haka ban ɗora hujjata a kanta ba. Abin da ya inganta a Muslim ya wadatar: yaran da suka rasu suna ƙanana za su tarbi iyayensu, yaro ya kama tufafin mahaifinsa ba zai saki ba sai Allah ya shigar da su Aljanna tare.

Sai batun addu'a. A cikin 'ya'yan Annabi bakwai, shida sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima ce kaɗai ta rage bayansa, Ƙasim da Abdullahi kuwa tun suna ƙanana suka rasu a Makka. Wa zai ce Allah ya juya masa baya? Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya roƙi Ubangijinsa abu uku, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya. Roƙon da kika yi a bakin gadon nan bai faɗi ƙasa ba, domin addu'ar musulmi ko a ba shi abin da ya nema, ko a ajiye masa ita zuwa lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinta. Wanne ne naki, kuma mece ce hikimar ɗauke wannan yaro, ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa.

Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suka gaji da shi, amsar da ya ba su kuwa tana aya ta 86 a Suratu Yusuf: "Ni dai ina kai ƙarar damuwata da baƙin cikina ne zuwa ga Allah." Shi ne kuma wanda ya ce haƙuri mai kyau. Ke nan dogaro da Allah ba ya nufin ciwon ya tafi, yana nufin kin san inda za ki kai ƙarar. Idan naki kalmomin sun ƙi fitowa, ki ɗauki addu'ar da Ummu Salama ta yi bayan rasuwar mijinta: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Mai Shago, Alabar:

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya ba 'yar'uwa haƙuri. Abin da zan ƙara shi ne, a bar maganar shawara da hantsi da asibiti gaba ɗaya. Ajali idan ya zo ba ya jinkiri ko da sa'a guda, kuma ko da a ranar farko aka kai yaron nan wurin likita, kwanansa ba zai ƙaru ba. Annabi (SAW) ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", domin wannan kalma tana buɗe aikin Shaiɗan. Tone-tonen dalilin mutuwa, a ganina, shi ke raunana tawakkali, kuma shi ke haddasa gaba tsakanin mata da dangin miji.

Ungozoma, Nima, Accra:

Ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri da dangana. Alhaji Mai Shago, da girmamawa, na yarda da rabin maganarka. Na yarda kada ta zauna tana cin kanta da "da na sani", domin haihuwar fari ce, ta ga alama ta faɗa wa manya, manyan kuma sun ba da shawarar da suka gada da kyakkyawar niyya, babu wanda ya nufi yaron da sharri. Amma neman sanin dalili domin kare ƙannensa masu zuwa ba raunin tawakkali ba ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce i, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2022 ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Ghana, 17 ne ke rasuwa kafin su cika wata guda. Na kawo adadin ne domin ki san ba ke kaɗai ba ce, kuma ba wani baki ko maita aka yi miki ba. Jarirai da yawa suna yin shawara mai sauƙi a makon farko ta wuce da kanta, shi ya sa iyayenmu ke ganin hantsi ne ya warkar da ita. Mai haɗarin ita ce wadda ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauka har tafin hannu da na ƙafa, ko jariri ya ƙi nono ya riƙa barci fiye da kima, wannan kuwa hantsi ba ya maganinta, ido kuma ba ya iya auna tsananinta sai gwaji. Shi ya sa likitocin yara a ƙasar nan suka ware watan Mayu domin faɗakarwa a kanta.

Kafin ki sake ɗaukar ciki, ku je asibiti ke da maigidanki da katin awonki, ku nemi a duba rukunin jininku. Idan naki mai alamar ragi ne nasa kuma mai alamar ƙari, matsalar na iya maimaituwa har ta fi ta farko, kuma akwai allurar da ake yi wa uwa cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa domin kariya, don haka likita zai so ya san ko an yi miki ita. Ku tambaya kuma a kan ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ake gado, ya fi bayyana a 'ya'ya maza, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma. Jaririn da ke da shi, kafur ɗin da muke zubawa a akwatin kayan jarirai kaɗai ya isa ya farfasa masa ƙwayoyin jini. Tun 2008 awon ciki da haihuwa suna cikin tsarin inshorar lafiya kyauta ga masu ciki, saboda haka da zarar Allah ya kawo rabo kada ki jinkirta zuwa awo.

Batun nono kuwa, kada ki riƙa tatse shi duka, domin hakan na sa ya ƙara kawowa. Ki rage kaɗan idan ya yi zafi, ki sa rigar nono mai riƙewa, ki ɗora tsumma mai sanyi, idan kuma ya kumbura ya yi ja ko zazzaɓi ya zo, ki tafi asibiti. Kuka da dare bayan arba'in ba ciwo ba ne. Amma idan kin daina cin abinci, barci ya ƙaurace miki gaba ɗaya, ko kika fara jin gara ki bi shi, to wannan ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a ranar, kada ki jira, domin yana da magani kuma ba alamar ƙarancin imani ba ce.

Hajiya Kaka, Tafo:

'Yata, jikata ce ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Yaya ƙarin haƙuri?

Na binne biyu a jere, na biyun a shekarar yunwa ta 1983, lokacin da gobarar daji ta cinye gonaki, 'yan'uwanmu kuma suka dawo daga Najeriya gidaje suka cika. Aka fara ce mini mai wabi, mata suna janye 'ya'yansu idan na shiga gidan suna. Da na haifi ta uku sai tsofaffi suka laƙaba mata Ajuji, wai don mutuwa ta raina ta ta bar ta, kamar yadda Tonawa ke sa wa irin waɗannan yara Donko. Ita ce uwar wannan da ke rubutun. Ba sunan ne ya tsayar da ita ba, kwananta ne ke gaba.

Abin da kika faɗa na nauyin hannu na san shi. Na daɗe ina salla ba na jin komai a zuciyata, ina tsoron ko na zama munafuka, har wata tsohuwa mai koya mana karatu ta ce mini mara lafiya yana shan kunu ba don yana jin daɗinsa ba, amma kunun ne ke riƙe shi har bakinsa ya dawo. Na ci gaba da tsayuwa da ruku'u a haka. Ba zan iya nuna miki ranar da abin ya sauya ba, na dai wayi gari ina roƙon Allah a kan wani abu dabam da dukan zuciyata. Har yau kuma idan na ga sa'o'insu da furfura nakan lissafa, kuma ban ɗauki wannan a matsayin butulci ba.

Kada ki riƙe uwar mijinki a zuciya. Mu haka aka yi mana tarbiyya, an hana mu kuka, kuma zai yi wuya a ce ita ma ba ta binne nata ba; abin da aka faɗa mata ne take faɗa miki, ba ta da wani. Ki kula da mijinki kuma. Shi ya ɗauki yaron a hannunsa zuwa maƙabarta, kowa kuwa ke yake yi wa gaisuwa, shi ana ce masa namiji ne. Kayan jaririn kada ki bari a matsa miki a kansu, in kin ga dama ki ajiye, in kin ga dama ki yi sadaka da su lokacin da ranki ya kwanta.

'Yar Aboabo, Kumasi:

Allah ya gafarta Malam, na gode, ban taɓa jin farkon wancan hadisi ba sai yau. Anti Ungozoma, na nuna wa maigidana abin da kika rubuta, ya ce za mu je a duba jinin. Mama Hajiya, haƙuri da godiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Saura tambaya guda, Malam. Ina asibiti aka yi jana'izar, maza suka kai shi maƙabartar Tafo, ban san ko inda kabarin yake ba. Ya halatta in je in gani?

Malamin Makaranta, Asawase:

Malamai sun yi saɓani a kan ziyarar mata ga kaburbura. Wasu sun hana saboda hadisin da ya la'anci mata masu yawan ziyara, wasu kuma sun halatta, suna kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya koya wa Nana A'isha abin da za ta faɗa idan ta je Baƙi'a, maƙabartar Madina, ita ma ta ziyarci kabarin ɗan'uwanta Abdurrahman, sannan matar nan ta hadisin bugun farko a bakin kabari ya same ta, haƙuri ya umarce ta da shi, bai ce ta tashi ba. Ni na fi karkata ga halaccin, matuƙar ba a mayar da shi al'ada ba kuma ba a ɗaga murya. Ki nemi maigidanki ya raka ki, tun da shi ya san wurin, ku zaɓi lokacin da ba a kawo wata gawa ba, ki yi sallama ga mutanen maƙabartar ki yi musu addu'a. Idan kin san ba za ki iya riƙe kanki ba tukuna, ki ɗan jinkirta, shi kuma ya sa wa kabarin alama da dutse domin kada ya ɓace muku.